Daga Katuru Zuwa Bakin Tekun Holan: Tarihin da Baƙo Zai Tarar a Birnin Hague

Gabatarwa



Sa'ad da aka nemi in gabatar da wannan lacca, wani abokin aikina ya tambaye ni abin da zan yi magana a kai. Da na ce masa labarin wata ziyara zan bayar wadda na kai wani birni na bakin teku a ƙasar Holan, sai ya yi dariya, ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Mutumin Katuru, wanda ya tashi tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, wanda babban ruwan da ya sani shi ne gulbin Gagare da na Bunsuru idan damina ta yi albarka, ina ruwansa da mutanen da suke kwana suna tashi da teku a bayan ɗaki?

Tambayar tana kan hanya, kuma ita zan yi ƙoƙarin amsawa. Birnin da nake nufi shi ne Hague, wanda masu shi suke kira Den Haag. Da yawa daga cikinmu a rediyo muka san sunansa, saboda kotun duniya da take can. Masu kai masa ziyara kuwa yawanci abu uku ke kai su: kallon gari da bakin teku, shiga gidajen tarihi, da sayayya. Ni ma su na yi. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, kusan duk inda na sa ƙafa sai na tarar da wani zare wanda idan aka bi shi zai dawo da mutum ƙasar Zamfara. Kuma a kowane karo su ne suke riƙe da rubutaccen bayanin yadda aka yi, mu kuwa abin da muke da shi na baka ne, shi ma yana neman kuɓuce mana. Saboda haka zan ɗauke ku mu zaga birnin kamar yadda baƙo yake zaga shi, muna tafe muna waiwaye, tun da an ce waiwaye adon tafiya.

Yadda Birnin Yake

Amstadam ita ce babban birnin Holan a tsarin mulki, amma a Hague gwamnati take zaune, can sarki yake aiki, can kuma ofisoshin jakadun ƙasashe suke. Mutanen birnin sun haura rabin miliyan. Asalinsa gidan wani basarake ne. A wajen shekara ta 1248 Willem na Biyu, mai sarautar lardin Holan, ya fara faɗaɗa gidansa a gefen wani tafki, ɗansa Floris na Biyar ya kammala babban zauren da ake kira Zauren Barade, gari kuwa ya yi ta taruwa a kewayen fadar, kamar dai yadda garuruwanmu suke taruwa a ƙofar gidan sarki. Wannan fada ita ce Binnenhof, mazaunin majalisar ƙasar na ɗaruruwan shekaru, wadda aka rufe a 2021 domin babban gyara.

Daga tsakiyar gari zuwa teku tafiyar kamar kilomita 5 ce. Wajibi ne mai sauraro ya riƙe cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da tsayin ruwan teku, tudun yashi da madatsun ruwa ne suke tare shi. A ambaliyar 1953 mutum 1,836 suka halaka. Mutanen da ƙasarsu take haka, ƙarama kuma mai wuyar riƙo, tun da wuri suka mai da hankali ga jiragen ruwa da fatauci da lissafi. A 1602 suka kafa kamfanin cinikin gabas, wanda ya kai har Indunusiya, a 1621 suka kafa na yamma, wanda ya riƙa zirga-zirga tsakanin Afirka da nahiyar Amurka. Waɗannan kamfanoni biyu su ne ƙashin bayan abin da zan faɗa.

Sunan Zamfara a Taswirorin Amstadam

Baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa a babbar tashar Hague, kafin ya yi nisa zai ga gine-gine biyu da yawancin masu yawon buɗe ido suke wucewa ba su ko ɗaga kai ba, watau ɗakin karatu na ƙasa da gidan adana takardun gwamnati. A na biyun ne takardun kamfanonin nan suke. Na kamfanin gabas kaɗai, idan aka jera su a kan kanta, sun wuce tsawon kilomita ɗaya, kuma a 2003 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin kayan tarihin duniya da ya wajaba a kiyaye.

A irin waɗannan ɗakuna ne mutum zai ga cewa sunan ƙasarmu ya riga mu zuwa Holan da ɗaruruwan shekaru. Wani Balarabe haifaffen Andalus, Alhasan ɗan Muhammadu al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya rubuta littafi a kan Afirka a 1526, aka buga shi a Italiya a 1550. A ciki ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara. Ya ce Zamfara ƙasa ce mai yawan hatsi da shinkafa da auduga, wannan kuwa gaskiya ne, sunan Shinkafi kansa ya isa shaida. Amma ya kuma siffanta mutanen ƙasar da siffofi na raini, kuma masana tarihi da dama suna ganin bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, abin da fatake suka gaya masa ya rubuta.

A 1632 masu ɗab'i na gidan Elzevir suka sake buga littafin da Latin a birnin Leiden, wanda yake maƙwabtaka da Hague. A 1662 Joan Blaeu ya fitar da babban kundin taswirorinsa a Amstadam, mujalladi 11, taswira kusan 600, kuma a taswirorin Afirka na wannan zamani za ka ga Zanfara da Cano da Guber a jere. Sai dai kogin Kwara an zana shi yana gudu daga gabas zuwa yamma har ya faɗa teku ta wajen Sanagal, akasin yadda Allah ya yi shi. A 1668 kuma wani likita mai suna Olfert Dapper ya wallafa babban littafin bayanin Afirka, alhali shi kansa bai taɓa zuwa Afirka ba. Daga littattafai da rahotannin fatake ya tattara.

To, ga darasi na farko. Shekaru wajen ɗari uku Turai tana sanin Zamfara ta bakin mutum ɗaya, ana kwafar daidai da kuskure tare, daga bugu zuwa bugu. Sai a 1824 Clapperton ya bi ta Zurmi a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, Barth kuma ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853, sa'an nan gani ya fara korar ji. Wanda bai rubuta labarinsa ba, wani zai rubuta masa, kuma abin da aka buga shi ke zama.

Gidan Sukari da Buhun Wuri

Daga tasha, tafiyar ƙafa kaɗan ce zuwa bakin tafkin fada, inda gidan zane-zane na Mauritshuis yake. Mutane suna zuwa daga ko'ina cikin duniya domin su tsaya gaban zanen wata yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u, wanda Vermeer ya yi a wajen 1665. Ni ma na bi layi na kalla. Amma zanen da ya tsayar da ni shi ne wanda Rembrandt ya yi a 1661, na waɗansu baƙaƙen mutane biyu, ɗaya ya jingina haɓarsa a kafaɗar ɗaya. Masana suna kyautata zaton 'yantattun mutane ne da suka zauna a Amstadam. Sunan mai zanen duniya ta sani. Sunayen waɗanda aka zana ba a rubuta ba.

Gidan kansa an gina shi tsakanin 1633 da 1644 domin Johan Maurits, wanda kamfanin yamma ya naɗa gwamnan yankin Barazil da Holan ta ƙwace daga hannun Fotugal. Arzikin yankin rake ne, noman rake kuwa bayi suke yi, shi ya sa mutanen gari suka laƙaba wa ginin suna Gidan Sukari. Shi Maurits ɗin ne ya aika da rundunar da ta kama ganuwar Elmina, a gaɓar Gana ta yau, a 1637, domin a sami ƙofar sayen bayi. Elmina ta zauna a hannun Holan har 1872. An ƙiyasta cewa jiragen Holan sun ƙetarar da 'yan Afirka kimanin 600,000, kuma sai a 1863 ƙasar ta soke bauta a yankunan da take mulka a nahiyar Amurka. Ranar 19 ga Disamba 2022 firayim ministan ƙasar, Mark Rutte, ya nemi gafara a madadin gwamnati, kuma a cikin gidan adana takardun nan na kusa da tasha ya tsaya ya yi jawabin, watau a tsakiyar shaidun da ba su mutuwa.

Wani zai ce wannan ai labarin mutanen gaɓa ne. Ina roƙonsa ya dubi kalmar da muke faɗa kullum, kuɗi. Kuɗi jam'in wuri ne. Wuri kuwa ba a samunsa a gulbin Gagare, ba a samun irinsa ma a tekun Ikko. Daga tsibiran Maldib yake, can cikin tekun Indiya. Kamfanin gabas ne yake sayensa ta hanyar tsibirin Silan da ƙasar Bangal, ya zuba shi a gindin jirgi domin ya ba jirgin nauyi, ya kewayo da shi ta ƙarshen Afirka zuwa Amstadam, a yi gwanjonsa, sa'an nan masu cinikin bayi su saya su kawo gaɓar Afirka ta Yamma. A rabin farko na ƙarni na 18 mutanen Holan ne a gaba cikin wannan ciniki, Ingilishi suna biye. Daga gaɓa wuri ya yi ta hawowa ta ƙasar Yarbawa da Nufe har ya iso mu. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Wannan kuwa shi ne lokacin da Zamfara take tashen ƙarfinta, kafin Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a wajen 1762 ya kafa Alƙalawa.

Ke nan wurin da kakanninmu suka riƙa ƙirgawa a kasuwa, suna ɗaure 20,000 a keso ɗaya, suna biyan sadaki da kuɗin ƙasa da shi, wani kaso nasa ya kwana a rumbunan Amstadam. A 1851 Barth ya tarar ana canza wuri 2,500 a kan riyal ɗaya a Kano, a 1904 kuma gwamnatin Ingila ta hana shigo da shi. Kuma tilas mu faɗa wa kanmu gaskiya: wurin nan a kasuwanninmu ma an sayi mutum da shi an sayar. Igiyar da ta fara daga Maldib ta bi ta Amstadam, ƙarshenta ɗaya yana hannunmu. Bambancin shi ne, su sun ajiye littafin lissafi, jirgi kaza ya ɗauko nauyi kaza a shekara kaza, har jikokinsu suka iya buɗewa suka ji kunya suka nemi gafara. Mu namu lissafin sai a ɗan abin da ya rage cikin wasiƙun sarakuna da bakin tsofaffi.

Kasuwa: Bota da Madara da Atamfa

Bayan gidan tarihi sai kasuwa, domin matafiyi ba ya komawa gida hannu rabbana. A tsakiyar birnin akwai wata rumfar kantuna mai rufin gilashi da ake kira Passage, wadda aka buɗe a 1885. Akwai kuma babbar kasuwar fili, Haagse Markt, mai rumfuna wajen 500, wadda take ci Litinin da Laraba da Juma'a da Asabar. Na ji daɗin ganin cewa su ma kasuwarsu tana da ranakun ci, kamar yadda ta Shinkafi take ci ran Alhamis. A can za ka ga mutanen Maroko da Turkiyya da Surinam da Gana, ga doya ga kuɓewa ga busasshen kifi. Abubuwa uku na gani a kantunan birnin waɗanda nake so mu tsaya a kansu.

Na farko bota ce, irin wadda mai shayi yake shafa wa burodi. Blue Band da muka sani asalinta ta wani kamfanin Holan ce, Van den Bergh, wanda masana'antarsa take Rotadam, babbar tashar jiragen ruwa mai nisan kamar kilomita 25 daga Hague. Irin wannan bota da man tsirrai ake yinta, man gyaɗa kuwa yana cikin waɗanda aka daɗe ana nema domin ita da sabulu. Yanzu ku dubi shekara ta 1929. A cikinta ne layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda, ya tsaya. A cikinta ne aka haɗa manyan kamfanonin ciniki na Ingilishi aka kafa UAC, wanda ya zama babban mai sayen amfanin gona a ƙasar nan. A cikinta ne kuma masu bota na Holan da masu sabulu na Ingila, watau Lever Brothers, suka ƙulla yarjejeniyar da ta haifi Unilever, kamfani mai kai biyu a wancan zamani, ɗaya a Landan ɗaya a Rotadam, UAC kuwa ya zama reshensa. Manomin Zurmi da ya ɗora buhunan gyaɗa a kan jaki ko raƙumi ya nufi sikeli a Ƙaura bai san sunan Rotadam ba, amma farashin da aka yanka masa yana da dangantaka da abin da aka tattauna a can.

Jirgin nan ya sauya ƙasar Katuru. Ƙaura ta zama bakin dogo, kantuna suka buɗe, baƙi daga kudu da daga ƙasar Faransi suka zauna, gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarawa Ikko. A shekarun 1960 Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Sa'an nan farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Jigilar gyaɗa ta mutu, tasha ta yi shiru.

Na biyu madarar gwangwani ce. Peak, wadda take kan teburin kowane mai shayi daga Ƙaura har Shinkafi, asalinta daga lardin Friesland na arewacin Holan take, ta fara shigowa Nijeriya a 1954. Ku yi tunani a kan wannan. Ƙasar Alibawa, ƙasar Namoda da Abu Hamidu, inda saniya ta fi ƙarfin ƙirga, ita ce take sayen madara da sunan wata ƙasa wadda faɗinta duka bai wuce na jihar Zamfara da wani abin kirki ba. Manoman can ƙungiya suka yi tun ƙarni na 19, suka kafa masana'antu na haɗin gwiwa, suna rubuta abin da kowace saniya take bayarwa da wadda ta haife ta. Nan ma alƙalami ne ya yi aiki tare da ƙwarya.

Na uku atamfa ce. Babu wanda ya taɓa haɗa lefe a cikin zauren nan da bai san darajar 'yar Holan ba. Asalin wannan zane na mutanen tsibirin Jawa ne a Indunusiya, waɗanda suke zana ado da kakin zuma a kan ƙyalle kafin su tsoma shi a rini. Da Holan ta mallake su, sai masaƙun Haarlem da Helmond suka nemi kwaikwayon aikin da inji, domin su sayar musu da arha. Mutanen Jawa ba su karɓa sosai ba, saboda 'yan tsage-tsagen da injin yake bari sun ɗauke su aibi. A ƙarshen ƙarni na 19 aka gwada kasuwar gaɓar Gana, sai ga shi abin da wancan ya ƙi, wannan shi yake so. Kamfanin Helmond, wanda aka kafa a 1846, shi ne Vlisco na yau. Na shiga wani shagon atamfa kusa da kasuwar, na tarar masu saye duk 'yan'uwanmu ne baƙaƙe. Matan Holan ba su ɗaura ta.

Sai na tuna cewa Barth, da ya iso Badarawa a 1853, babbar kasuwa ya tarar, auduga ce kuma kan gaba a cikinta. A zamanin nan saƙar ƙasar Hausa da rininta suna kaiwa har Tambutu. Bayan samun mulkin kai an yi yunƙuri, aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, aka kafa ta Gusau a shekarun 1960, amma ta Gusau ta rufe tare da yawancin 'yan'uwanta na Kaduna da Kano. Shi kuwa kamfanin Helmond yana ajiye da samfurin zanukan da ya buga tun fiye da shekara ɗari, yana iya ciro na kakarka ya sake buga wa 'yarka. Ina ɗakin da aka ajiye samfurin saƙar Zamfara?

Fadar Sulhu

A kan hanyar zuwa teku ne Fadar Sulhu take, wadda aka buɗe a 1913 da kuɗin da attajirin Amurka Andrew Carnegie ya bayar, dala miliyan ɗaya da rabi. Tun 1946 kotun duniya take zama a cikinta. 'Yan Nijeriya sun yi alƙalanci a can, cikinsu har da Taslim Elias, wanda ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985. Kamaru ta kai ƙarar Nijeriya a 1994, aka yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002, aka ba Kamaru Bakasi da waɗansu ƙauyuka na bakin tafkin Chadi, ciki har da Darak. Babbar hujjar da kotu ta dogara da ita game da Bakasi yarjejeniya ce da Ingila da Jamus suka sa wa hannu ranar 11 ga Maris 1913. A 2005 kotun ta raba gardama tsakanin Nijar da Binin, ta ba Nijar tsibirin Lete, nan ma takardun Turawan mulki aka baje.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ƙasar Zurmi tana iyaka da Nijar. Iyakar nan an shata ta ne da yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906. A ta farkon ma baka aka zana a kan taswira, mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Da haka aka raba Gobir biyu, Tsibiri can, Sabon Birni nan. A gaban irin wannan kotu, abin da aka rubuta aka sa wa hannu aka adana shi yake da nauyi, ko da mutanen wurin sun shekara ɗari suna faɗin wani abu dabam.

Bakin Teku

Kusa da fadar akwai wani gida da aka gina domin zane guda ɗaya tak. A 1881 Hendrik Willem Mesdag, tare da matarsa da waɗansu abokan aiki, ya zana ƙauyen masunta na Scheveningen a kan ƙyalle mai tsayin mita 14 da kewayen mita 120. Mai kallo yana hawa ya tsaya a tsakiya, duk inda ya juya sai ya ga teku da jiragen kamun kifi a kan yashi da rufin gidaje. Daga nan na shiga jirgin cikin gari na isa Scheveningen ɗin kanta, na tarar da manyan masaukai da kantuna da wata doguwar gada da ta kutsa cikin ruwa. Yawancin abin da Mesdag ya gani ya tafi. Amma ɗan makarantar Hague yana iya tsayawa a tsakiyar zanen ya ga yadda garin kakanninsa yake. Da na tsaya a bakin ruwan, iska mai sanyi tana dukana, abin da ya zo mini a rai shi ne tashar Ƙaura a kakar gyaɗa, da tambayar ko akwai inda jikana zai je ya ganta.

Kammalawa

Jama'a, ban kawo wannan bayani domin in yabi Turawan Holan ko in zarge su ba. Adana kaya ma yana da nasa laifin idan kayan na ƙwace ne, shi ya sa a 2025 Holan ta mayar wa Nijeriya da kayan tagulla 119 na masarautar Bini, mafi yawansu daga gidan tarihi na Leiden. Abin da nake cewa shi ne, cikin shekaru ɗari huɗu na wannan hulɗa, mu ne a ƙarshen igiya, muna ba da ɗanye muna karɓar sarrafaffe, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne su suna rubutawa suna adanawa suna komawa su duba.

Ba a ce ba mu da komai ba. Akwai gidan adana takardu na Kaduna, da Gidan Arewa, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Bajamushe Kurt Krieger ya buga tarihin Zamfara a 1959, da Jamusanci. Dokta Garba Nadama ya rubuta kundin digirinsa a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, da Ingilishi. Amma kaza ce ta kwana a kan dami, domin manomin da tarihin yake nasa ba ya iya karanta ko ɗaya. Kuma lokaci ba ya jiranmu. Tun daga wajen 2011 rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Zurmi da Shinkafi, tsofaffin da suka san sunayen marina da hanyoyin fatake da jerin sarakuna sun watsu, waɗansu sun rasu a gudun hijira. Kowane ɗaya daga cikinsu da abin da ya tafi da shi.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Ta farko, jami'o'inmu da kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura su sa ɗalibai su ɗauki maganar tsofaffi a faifai, musamman waɗanda suka yi aikin dogo da sikeli da saƙa da rini, a rubuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ta biyu, a kiyaye ginin tashar Ƙaura da abin da ya rage na ganuwar garuruwanmu, a kuma haɗa kai da jihar Sakkwato wajen kula da kufan Birnin Zamfara da Alƙalawa. Ta uku, a mayar da manyan ayyukan da aka yi a kan Zamfara zuwa Hausa. Ta huɗu kuwa ga masu tafiya ce. Duk wanda Allah ya ba ikon zuwa Hague, ko wani birni irinsa, ya kalli teku, ya sayo tsarabarsa, babu laifi. Amma ya ware yini ɗaya ya shiga ɗakin takardu ya tambayi abin da aka rubuta a kan ƙasarsa, ya ɗauko hotonsa ya kawo gida. Da yawa daga tsofaffin taswirorin nan ma an sa su a intanet kyauta, ɗalibi yana iya ganin Zanfara a kansu daga ɗakinsa.

Abokin aikin nan nawa da ya tambayi abin da ya haɗa kifi da kaska, ina fata ya sami amsa: wuri ne ya haɗa su, da gyaɗa, da atamfa, da takarda.  Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya.